Yadda Babban Yatsana Ya Kai Ni Nijar

Tun ranar da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Wannan ta shigo sayen ƙuli ta ce, "Hansatu, wai da gaske har Nijar kika je?" Waccan ta zo awon man gyaɗa, kwalba a hannu, tambaya a baki. Na ba da labarin nan har maƙogwarona ya bushe, kuma kullum sai wata ta ce ita ba ta ji farko ba. To ga shi na zauna na rubuta da ɗan bokon da na samu a yaƙi da jahilci, kowa ta karanta ta ƙyale ni in yi tuyata.

Kun san ni. Shekara ashirin da biyu ina aure a Ɗanzomo, tafiyata mafi nisa ita ce asibitin Gumel lokacin haihuwar Sadiya. Wannan zaman gidan nawa shi ya jawo min. Ƙanena Sabi'u, wanda ke aikin gini a Aljeriya, da ya zo ganin gida bara, ya kawo min waya ya saka wani abu a ciki da ake kira walet. Ya ce kamar lalita ce, amma dalar waya ake ajiyewa, wadda suke kira kirifto. Ya ce, "Yaya, ke ba kya zuwa ko'ina, babu mai yanke miki aljihu a kasuwa. A wurinki zan ajiye." Ita wayar, kowa na iya buɗe ta, amma walet ɗin sai da babban yatsana na dama. Akwai wata lamba da ya ce in riƙe saboda tsaro, na ce yatsana ya ishe ni, ni da ko lambar wayar Malam ban haddace ba. Ya rubuta wasu kalmomi goma sha biyu a takarda, ya ce ko shi da kansa ya bugo ya tambaya kada in karanta masa. Na sa takardar a ƙasan kwallar da ke can ƙarshen jere. Ya kuma ce in wani abu ya rikice in nemi Hajiya Mariyama mai zoɓo, mutuniyar Nijar da ke cin kasuwar Maigatari duk Alhamis, ita ta koya masa.

Walet ɗin ya zauna wata da watanni babu ko sisi. Sai Malam, maigidana, ya kamu da ciwon nan da ya kama mazan garin nan, wai mainin, haƙar kuɗi a waya. Mutum da gemunsa, tela mai keke biyu, ya bar ɗinkin mutane a kan tebur yana dangwalar waya kamar kaza ta samu tsaba. Tasa wayar ba ta da ƙarfi, sai ya koma tawa. Wani lokaci ya taho min da ita ina tsakiyar aiki, ya ce, "Hansatu, ɗan sa yatsa, kilem kawai zan yi, kyauta ake rabawa." In hannuna da mai ya goge min da bakin rigarsa. Na sa. Kyautar dai har yau ko mudun gero ba ta zama ba.

Ranar Talata Sabi'u ya bugo. Aiki ya ƙare, zai taho gida ta hamada, kuma ba ya son ya ratso da kuɗi a jiki. Ya bar guminsa na shekara uku a hannun wani amintaccensa, shi zai turo walet ɗina ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Da kuɗin za a rufe wa Innarmu ɗakinta da ruwa ya ci, a sayi gona. Ya ce ya turo dala ashirin na gwaji, in duba. Na duba, ga su. Ya ce to shi ke nan, mota za ta tashi, ba za a same shi ba sai ya iso Agadas.

Da safiyar Laraba na sake dubawa don daɗin gani. Babu komai. Dala ashirin ta yi fiffike. Na buga wa Sabi'u, waya a kashe. Amintaccen nasa ko sunansa ban sani ba. Wato jibi za a juye gumin ɗan'uwana a cikin tulun da ke yoyo, kuma ba ni da hanyar cewa a dakata.

Malam ya ce matsalar sabis ce. Da na zuba masa ido, ya ce, "To ko ma mene ne, ai da yatsanki aka yi." Ku riƙe wannan maganar, don sau ya fi goma na ji ta a hanya. Na ce mu tafi Maigatari wurin Hajiya Mariyama. Ya yi dariya. "Mai zoɓo? Ga masana cike da gari sai mu je wurin mai zoɓo?" Ya ce yana da aboki a Sule Tankarkar, minti biyar zai gyara. Na bar wa Sadiya gida, na ɗaura zane, muka hau acaɓa biyu.

Masanin farko mai cajin waya ne a bakin tasha, sunansa Ɗanlami. Rumfarsa wayoyi ne rataye kamar an shanya kifi. Ya karɓi wayata ya juya ta gaba da baya kamar mai sayen akuya, ya ce, "Ai ƙwayar cuta ce." Ya goge duk wasannin da Malam ya tara, ya hura ramin caji da baki, ya miƙo min. "An gama. Ko aljani ba zai shiga ba." Malam ya dube ni irin kallon nan na ba-na-gaya-miki-ba, ya sayi rake.

Muna zaune a benci muna jiran abin hawa, Malam na ba mutane labarin yadda aka kori ɓarayin waya, sai na ji wani dattijo a bayanmu ya yi tsaki. Mai sayen riɗi ne daga Gagarawa Tasha, ya zo awo. Ba da mu yake ba, da na kusa da shi yake, amma kun san kunnena. Ya ce, "Haka na yi. Na goge, har wayar na canza sabuwa. Ranar da kuɗin riɗina suka shigo, kafin in gama alwala an kwashe. Ashe abin ba a cikin wayar yake ba, yana can rubuce a inda ba a gogewa."

Na taɓa Malam na ce, "Ka ji?"

Ya ce, "Kowa da ƙaddararsa."

Na ce, "To tawa ƙaddarar motar Gumel za ta hau." Na miƙe. Ya biyo ni da rakensa yana cewa daman shi ma abin da yake shirin faɗa ke nan, akwai wani Injiniya a Gumel da ya fi Ɗanlami nesa ba kusa ba.

Motar ta mutum huɗu ce aka cusa mu bakwai, da buhun barkono a bayanmu. Har Gumel atishawa muke, direba na cewa alhamdulillahi a madadin kowa don a rage surutu.

Injiniya kuwa, Allah ya kiyashe ku. Shago mai ƙofar gilashi, kujera mai juyawa, baƙin tabarau a cikin ɗaki, turare kamar an fasa kwalba. Wayoyi uku a gabansa, kowace na ƙara, ba ya ɗauka, don mu san shi mai jama'a ne. Ni da ban taɓa ganin ko filin jirgi ba ya kira ni Hajiya sau uku a numfashi ɗaya. Ya ce, "Hajiya, an yi miki kutse. Kawo kalmomin nan goma sha biyu in wanke miki walet ɗin tas."

Na ce suna gida. Malam ya yi wuf ya ce, "Ai sai a buga wa Sadiya ta karanto, suna cikin..." Na take masa ƙafa. Allah ya yafe min, amma na take ta da kyau.

Injiniya ya ce babu damuwa, akwai wata hanya. Ya yi 'yan danne-danne, ya buɗe wani shafi mai walƙiya, ya turo min wayar. "Sa yatsa nan. Zai rufe komai, har dala ashirin ɗinki za su dawo da ƙari. Kilem kawai za mu yi."

Ni ban iya Turanci ba, amma na san muryar abin da ya cije ni. Kalmar nan ita Malam ke faɗa duk ranar da ya zo neman yatsana. Na ja hannuna na cusa cikin hijabi.

"Hajiya, ba ki yarda da ni ba ne?"

Na ce, "Na yarda da kai, ɗana. Yatsan ne bai yarda ba, ka san shi ba ya jin magana."

Malam ya yi ta ba shi haƙuri, wai mata sai a hankali. Muka fito. A bakin titi ya ce na kunyata shi a gaban mai ilimi. Na ce ilimin da ke neman mabuɗin ɗakina kafin ya gaishe ni da kyau, na yafe. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Daga nan bai ƙara ambaton wani masani ba, muka nemi motar Maigatari.

Mun isa gab da magariba, garin ya cika da baƙin jajibirin kasuwa. Motocin shanu jere, raƙuma a durƙushe suna tuƙa kamar tsofaffi masu goro, Buzaye da rawani har ido. Muka sauka gidan Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifin Malam. Tun bikina ba ta sake ganina ba, amma tana hango ni ta rangaɗa guɗa. "Amaryarmu ta fito daga rami! Yau za a yi ruwa." Ta ba mu tuwon gero miyar kuka da man shanu, ta shimfiɗa min katifarta ita ta koma tabarma. Na yi rantsuwa ta fi ni rantsuwa.

Da safe muka shiga kasuwa. 'Yan'uwa, abin da muke kira kasuwa a gida wasan yara ne. Nan mutum zai sayi raƙumi da hannu a cikin hannun riga, ba ka ji ko kalma ba, sai ka ga an ja igiya. Kuɗi iri biyu, naira da sefa, masu canji zaune da damin kuɗi a cinya kamar masu sayar da alayyafo. Muka yi ta tambaya har layin masu zoɓo. Rumfar Hajiya Mariyama a rufe. Maƙwabcinta ya ce 'yarta ta haihu, yau suna, tana can garinsu bayan iyaka a kan hanyar Dungas. Ya ba mu lambarta, muka buga, ba ta shiga. Na ce mu wuce yanzu. Masu babur suka ce yau kowa kayan kasuwa yake ja, ba mai ɗaukar mutum sai gobe da sassafe. Malam ya ce, "Kin gani? Mai zoɓonki ma ta gudu." Ya tafi kallon shanun da ba zai saya ba.

Na koma gidan Gwaggo. Ta ga fuskata ta ce, "Gidan suna za ki shiga gobe da hannu fari fat kamar mai takaba? A ƙasar mutane? Su ce matan gidanmu ba su san kwalliya ba?" Kafin in ce wani abu ta kwaɓa lalle. Nan ne na yi tawa wautar, ba zan ɓoye ba. Ni da na hana Injiniya yatsana, na miƙa wa Gwaggo hannu biyu. Wa zai ce wa uwar miji a'a, bayan ta kwana a tabarma dominsa? Ta dambara min har kan yatsu, ta ɗaure da leda tun azahar, ta zauna tana ba ni labarin yadda Malam ke tsoron zakara yana yaro. Da aka kwance ta bi da gishirin lalle. Ya kama baƙi wuluk, matan gida suna ta yabawa. Ko kaɗan ban tuna da abin da ake gaya mana lokacin zaɓe ba, cewa na'ura ba ta son yatsa mai lalle.

Juma'a da hantsi muka samu babura biyu. Can kabu-kabu suke ce musu. A iyaka na zaci zan ga katanga ko ƙofa irin ta gari. Igiya ce da rumfa da tuta. Gonar geron wannan gefe da ta wancan gefe duk ɗaya. Wani dogon jandarma ya karɓi katinmu, ya duba, ya tambayi inda za mu da Hausarsa garau. Malam ya fara kame-kame, wai ziyara, wai zumunci. Na ce, "Ranka ya daɗe, gyaran waya za mu." Ya dube ni, ya dubi Malam. "Duk faɗin Nijeriya an rasa mai gyaran salula?" Na ce, "Masu gyara sun yi yawa ne, shi ya sa." Ya yi dariya har ya kira ɗan'uwansa ya maimaita masa, ya miƙo mana katin.

Daga nan sai rairayi. Babur na tafiya yana rawa kamar ɗan maye. Ni na riƙe ƙarfe ina salati. Malam, da ya ce shi ya saba, yana gaba yana waige yana ce min in saki jiki, sai ga shi a ƙasa, babur a kansa, hula ta yi nata wuri. Bai ji ciwo ba. Ya tashi yana kakkaɓe riga yana faɗa wa mai babur cewa a Nijeriya ba a tuƙi haka. Mai babur ya ce, "A Nijeriya ma in fasinja na juyi haka ake faɗuwa, Malam."

Garin ƙarami ne, kuma kowa ya san gidan. Abin da na fara gani ya ba ni mamaki shi ne mace a kan babur, ita ke tuƙi, da goyo, ba wanda ya ko waiga. Sai burodinsu, dogo siriri kamar sandar makiyayi, mai tauri, in aka buga wa mutum sai ya kai ƙara. Gaisuwarsu kuwa ba ta ƙarewa. Mu a gida muna ganin mun iya gaisuwa, to can sai an tambayi gajiya da rana da sauro da mutanen da ka baro ɗaya bayan ɗaya. Ni ina sauri, rana na hawa, ana tambayata ya ruwa.

Hajiya Mariyama gajeriya ce mai jiki, da tabarau na karatu rataye a wuya, zaune a tsakar gida cikin sauran 'yan suna ana rabon tukwanen aro. Da na ce ni yayar Sabi'u ce ta rungume ni. Ta sa aka shimfiɗa wa Malam tabarma a bakin zaure ta ciki, aka kawo fura da cuku, aka ɗora shayi. Na ce, "Hajiya, a bar shayin nan, wuta ce ta kawo ni." Na faɗa mata komai. Ba ta katse ni ba, ba ta kira ni da wani babban suna ba. Ta sa tabarau, ta ɗauki adireshin walet ɗin daga saƙon da Sabi'u ya taɓa turo min, ta duba a tata salular.

Ta ce, "Hansatu, kina da rumbu?"

Na ce ina da shi.

"To wani ya zo ya ce zai ba ki kyauta, amma ki dangwala masa hannu a takarda. Takardar cewa take kin yarda ya shiga rumbunki ya ɗiba. Ba mudu ɗaya ba, ba tiya ɗaya ba, duk abin da ya samu, yau da gobe da baɗi. Ranar da kika dangwala rumbun babu komai, shi ya sa ba ki ga ɓarna ba. Shi kuwa yana zaune yana jiran kaka. Ki kori ɗan aikensa, ki canza kwaɗo, duk banza ne, takardar na hannunsa. Sai an bi an soke ta." Ta juyo min da salular. "Ga su nan. Izini goma sha ɗaya."

Na ce, "Nawa?"

"Sha ɗaya."

Na ce, "Hajiya, sau uku na sa yatsa. Na farko ina tuya. Na biyu ina yi wa Sadiya kitso. Na uku ranar da jar akuyata ta haihu. Ban yi boko mai zurfi ba, amma na iya ƙirga uku."

Daga tabarma Malam ya ce, "Mantuwa ce irin ta mata. Ai da yatsanki aka yi."

Hajiya ta dube shi ta saman tabarau, ta juyo gare ni. Ta ce sokewa na cin ɗan kuɗin mai, kamar yadda babur ba ya tashi da addu'a, kuma walet ɗina babu. Ta turo daga nata, ta ce wannan tukuicin mai jego ne a juye. Sannan ta miƙo min wayata. "Bismilla. Buɗe."

Na sa yatsa. Wayar ta yi ɗan girgiza ta ƙi. Na goge a zane na sake. Ta ƙi. Hajiya ta kama hannuna ta juya, ta ga baƙin lallen nan da fatar da ta yi yaushi, ta ce, "Wayyo. Wa ya yi miki wannan aikin jajibirin buɗe salula?"

Nan gida ya rikice. Wata ta kawo lemun tsami, wata toka, wata tsohuwa ta taho da dutsen goge kaushi ta kama yatsana kamar ƙafar jaki. Aka dirje har ya yi ja yana zafi. Na gwada, ya ƙi. Na sake, wayar ta gaji da ni ta ce sai lamba.

Hajiya ta ce, "Kod ɗin fa?"

Na ce Sabi'u ya faɗa min, ban riƙe ba.

"Kalmomin sha biyu?"

"Suna Ɗanzomo cikin kwalla." In an buga wa Sadiya ma, Turanci ne da rubutun Sabi'u mai kama da tafiyar tururuwa, kuma rezo, wato sabis ɗinsu, ba ya kai kira gida sai an yi sa'a. Muka gwada sau uku, shiru.

Sai ladan ya yi kiran farko.

Malam ya miƙe ya ɗauki buta, ya ce shi zai wuce masallaci, Allah ya kawo mafita. Hajiya ta ce, "Malam, ɗan dakata." Muryarta a kwance, kamar tana tayin zoɓo. "Walet ɗin nan hanya biyu ake buɗe shi, yatsa ko kod. Baiwar Allah ta ce uku ta sani. Saura takwas. Ni ban ce kowa ya yi komai ba. Na dai ce wanda ya buɗe takwas ɗin nan ya san kod."

Har mai wanke tukunya ta tsaya. Malam na tsaye da buta, yana kallon katanga kamar an rubuta wani abu a jiki. Na so in yi masa abin da kuke zato. Kwana uku ina haɗiyar "da yatsanki aka yi", ga shi ashe ina barci ko ina bayan gida ake shiga rumbu. Amma na tuna in na kunyata shi da baki zai iya cijewa ya tafi masallacinsa, girman kai ya ci gonar Sabi'u. Na sassauta murya na ce, "Malam, shekara uku yaron nan yana ɗaukar bulo a ƙasar da ba tasa ba. Inna tana kwana da roba a kan gado saboda yoyo. In an sauko daga masallaci shi ke nan."

Sannan ya ajiye butar, ya taho, ya karɓi wayar, ya juya mana baya kamar akwai sauran abin ɓoyewa. Ɗis, ɗis, ɗis, sau shida. Walet ya buɗe.

Tsohuwar nan mai dutse ta ce, "Ikon Allah. Ashe mantuwar ba ta mata ba ce."

Ashe ranar da Sabi'u ke faɗa min lambar, Malam na bakin ƙofa yana sa takalmi. Mutumin da kullum sai ya tambaye ni inda ya ajiye almakashinsa, ya riƙe lamba shida shekara guda.

Hajiya ba ta ɓata lokaci ba. Ta fara da wanda ya kwashe dala ashirin, ta ce shi ne kuran, sauran ƙila karnuka ne, amma duk za a kore su. Abin daɗin shi ne, kowace sokewa sai walet ya sake neman lamba. Sau goma sha ɗaya Malam na dangwala ta a gaban matan Nijar, suna ƙirga masa da baki ɗaya kamar 'yan makarantar allo. A na bakwai rezo ya ɗauke, muka kwasa gaba ɗaya zuwa gindin dogon yaro inda aka ce ya fi kamawa, Hajiya a gaba da waya a sama, Malam a baya, ni ina riƙe da yatsana mai raɗaɗi. Da aka soke na ƙarshe ta sake dubawa a tata salular, ta nuna min wurin fari tas. Malam ya ɗauki buta da gudu, ya samu raka'a ɗaya.

Kafin ya dawo ta sa na zaɓi sabuwar lamba, ta sa na maimaita har ta zauna min kamar Fatiha. Ta ce wanda ke son wasan kyauta ya buɗe nasa walet daban wanda babu komai a ciki, a can ya yi ta dangwala. Ta ce ita ko da wanda ta sani take ciniki, iyakar kuɗin cinikin take ba da izini, in an gama ta soke, kuma duk ƙarshen wata tana dubawa kamar yadda take duba buhunanta saboda ɓera. In Sabi'u ya iso, ta ce, ya buɗe sabo fil ya kwashe kuɗin can.

Sai muka zauna jira. Shayinsu hawa uku ne a ɗan ƙaramin kofi, na farko ɗaci kamar maɗaci, kuma ba a gaggauta shi ko gobara ake. Ana zuba na biyu wayar ta yi ƙara. Kuɗin sun shigo. Ban iya karanta yawansu ba, na dai ga lambobin sun yi tsawo. Muka zuba musu ido ni da Hajiya. Aka sha na biyu, suna nan. Aka dafa na uku, aka sha, suna nan. Aka kira la'asar, suna nan. Sai a lokacin na ji yunwa, na cinye burodin nan mai kama da sanda guda ɗaya da rabi, kuma wallahi da miya yana da daɗi.

A hanyar dawowa Malam bai waiga ko sau ɗaya ba, bai kuma faɗi ba. A Gumel ya saya min tsire ba tare da na tambaya ba, abin da rabona da shi tun ina amarya. Sabi'u ya iso lallen ya fara barin farcena. Yanzu ɗakin Inna da kwano sabo, in ana ruwa har ƙorafi take wai ƙara ta hana ta barci.

Na san wata za ta ce, Hansatu, kin tona wa mijinki asiri a takarda. A'a, ban yi komai da ka ba. Kafin in ɗauki biro sai da na same shi a shago, yana dangwalar sabon walet ɗinsa mai kama da rumbun bazara. Na ce, "Malam, mata sun dame ni, ina so in rubuta labarin tafiyarmu. Ka yarda?" Ko ɗago kai bai yi ba. Bai tambayi me zan faɗa ba, bai tambayi iya ina zan tsaya ba, bai ce a karanta masa tukuna ba. Ya ce, "Na yarda."